Ranar da Aka Share wa Kifi Gida

A shekarun da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu har ɗakunan karatu na unguwanni suka fara rufewa, Sunusi yana Manchester yana digiri na uku a kan kifi. Kifi dai, wanda ka sani. In mutanen gida suka tambaye shi a waya me yake karantawa, sai ya ce harkar ruwa ce. Su kuwa sai su ɗauka dam zai dawo ya gina musu, shi kuma ya bar su a haka.

Asali wani kifin Amurka ya so ya bi, wai shi steelhead, wanda ake ƙyanƙyashe shi a rafi, ya gangara teku ya yi ƙiba, sannan ya dawo rafin nan dai ya zuba ƙwai. To, tallafin karatun da jiharsu ta ba shi bai iya kai shi Amurka ba, a Manchester ya sauke shi. Sai ya haƙura ya kama ɗan'uwan kifin na nan ƙasar, trout, wanda shi ma ya fara ƙaranci a rafukan gari.

Akwai wani ɗan rafi a bayan unguwar Levenshulme ta Manchester, tsakanin bayan gidajen mutane da wani filin ƙwallo. Tun zamanin masaƙu aka miƙar da shi sambal, ruwa yana wucewa da gudu, kifi ba shi da wurin da zai tsaya ya huta balle ya yi iyali. Dabarar Sunusi ita ce a zuba wa rafin gungumen itace da gangan, a kafe su da turaku a karkace. In ruwa ya bugi gungume sai ya lanƙwasa, ya haƙa ɗan gurbi mai zurfi a nan, ya tara tsakuwa a can. A tsakuwar ce macen kifin take tonawa da wutsiya ta binne ƙwai, 'ya'yan kuma su ɓuya a ƙarƙashin itacen kada zalɓe ya tsince su. Wanda bai sani ba in ya leƙa, cewa zai yi juji ne. Shi kuwa Sunusi ya san kowane gungume kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, domin sanyi biyu ya yi yana jan su da hannunsa.

Abokiyar jan nasa Margaret ce, wata Baturiya mai furfura, ita kaɗai ta rage a ofishin kula da rafuka na council, wato hukumar garin. Sauran duk an sallame su, an kuma ɗora mata kwandunan shara na wuraren shaƙatawa a kai. Wata rana ta same shi a bakin ruwa ta faɗa masa gaskiya. Ranar Litinin ta sama masu yanke hukunci za su zo. In sun ga wannan ɗan yankin ya yi kyau, za su amince da tsarinsa na gyara rafin gaba ɗaya, tun daga tudun da ya ɓuɓɓugo har inda ya faɗa babban kogi. In bai yi musu ba, za su sa shi a kwalbati su rufe, don rafin da ke cikin bututu ba ya cin kuɗin kowa. Matsalar kuwa, mutanen unguwa sun cika wurin da tsofaffin tayoyi da trolley na kanti da katifu, kuma babu ko lebura ɗaya da za a turo.

Da wannan damuwa a ransa shi da matarsa suka tafi Birmingham gaida surukinsa.

Injiniya Ja'afaru, mahaifin matarsa Raki, yana zaune a unguwar Lozells. Duk ƙuruciyarsa a kan magudanan ruwa ya ƙarar da ita, a gida da nan, kuma har ya yi ritaya bai taɓa ganin kwata ta toshe ya wuce bai yi tsaki ba. Shi ne shugaban ƙungiyar Hausawan garin. Sunusi kuwa tun da aka ɗaura aure bai taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, bai taɓa kallon idonsa ba. Ga kujeru nan reras a falo, amma a kan kafet yake zama, ya sunkuyar da kai, duk abin da aka ce masa amsarsa “To, Baba.”

Raki fa a Birmingham aka haife ta, wannan kunyar ba ta san da ita ba. Tana zuba shayi ta ce, “Baba, Sunusi needs people. Rafin nan da yake aiki a kai, ana son a gyara kafin Monday, kuma council ba su da ko sisi.”

Tsoho ya ajiye kofi. Idonsa ya kawo haske.

“Gayya kenan!” ya ce. “Kai, rabona da gayya tun muna yashe lambatun unguwarmu kafin damina. Da shebur da manjagara, mata na dama kunu, kafin azahar ruwa yana gudu kamar an kore shi. Malam Sunusi, ruwan ne ba ya tafiya ko?”

“Eh to, Baba, yana dai…”

“Na gane. Kifi ba zai zauna cikin ƙazanta ba. Bar min sauran.”

“To, Baba.”

A mota, suna kan hanyar komawa, Raki ta dube shi ta ce, “Ba ka yi masa bayanin logs ɗin ba.”

“Ranar zan yi wa kowa bayani a bakin ruwa.”

“Just tell him, Sunusi. Mutum ne, ba zaki ba.”

“Ke ba za ki gane ba. Kuma ai hantsi na ce. Mutanenmu in ka ce hantsi, sai bayan azahar za ki ga ƙeyar na farko.”

Allah sarki. Ya manta da wanda yake magana a kai.

Ranar Asabar, ranar gayyar, Raki ta tafi aikinta a kantin magani. Sunusi ya saka shaddarsa mai kyau, tunda suruki zai zo, da niyyar in an gama gaisuwa ya canza. Ya biya Old Trafford gidan Hajiya Saudatu ɗaukar waina da miyar taushe, ya tarar ba a gama suya ba. Ya zauna aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, aka yi masa ƙorafin GP, likitan unguwa. Hankalinsa kwance.

Tun daga bakin filin ƙwallo ya fara jin usur. Sannan ya hangi doguwar mota ta haya a fake. Sannan ya ji murya da yawa sun haɗu, “Ku ja! A ja!”

Kular wainar ta kusa suɓuce masa.

Ashe Injiniya ana idar da sallar asuba ya loda mutane ya kamo hanya. Ga su nan cikin rafin, likitoci da akantoci da ɗaliban jami'a, kowa da takalmin roba, wasu sun naɗe wando har gwiwa. Gumi suke yi cikin sanyin nan, suna dariya, wani ma har ya ɗauko waƙar noma. Tayoyin da katifun an kwashe su tuni, wannan kam madalla. Amma gungumen Sunusi, gungumen da ya ja har bayansa ya riƙe, ga su can an jere a bakin gaɓa, manya gefe guda, ƙanana gefe guda, an tsinke turakun an ɗaure su dami-dami. Tsakuwar kuwa ana kwasa da shebur ana zubawa a trolley da aka shimfiɗa wa buhu, ana kaiwa ana cike ramukan hanyar masu tafiya da ƙafa. Injiniya ba ya son asara.

Shi kansa yana tsaye a kan gaɓa da hular sanyi, usur a wuya, yana nuni da sanda.

“Yauwa, ga mai gayya ya iso!” ya ce. “Malam Sunusi, ashe haka abin ya lalace? Wani marar tarbiyya ne ya zubar da itace a nan, har da kafe su. Mutanen ƙasar nan sai a hankali.”

Sunusi ya durƙusa a kan ciyawa mai raɓa. Bakinsa ya buɗe don ya ce wani abu, abin da ya fito shi ne, “Sannu da aiki, Baba.”

Can gefe ya hangi Margaret riƙe da flas ɗin shayi, ta yi tsuru-tsuru. Ya ruga wurinta.

“Tun yaushe kike nan? Me ya sa ba ki hana su ba?”

Ta ce ta yi ƙoƙari. Ta je wurin dattijon ta ce masa, “Oh. How very thorough.” Wato, lallai aiki ya yi tsaf.

“Shi kenan abin da kika ce?”

Ta ce ai da kakkausar murya ta faɗa. Dattijon kuma ya yi mata godiya, ya sa aka kawo mata dabino. Ta ƙara da cewa mutane ne da suka taso tun daga Birmingham a ranar hutunsu, ba ta ga yadda za ta yi ta ɓata musu rai ba.

Ka ji fa. Rafi yana mutuwa tsakanin kunyar Bahaushe da kunyar Bature, an rasa mai cewa a bari.

Ya kira Raki, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya ja Dokta Ɗan'azumi gefe, wani likitan ƙashi da suke shiri, ya raɗa masa abin da ake ciki, ya roƙe shi ya je ya sanar da Baba cikin dabara, kamar yadda ake aika babba wurin babba.

Dokta ya zare ido. “Ni? Mutumin da ya yi min walicci? Kai ne ka zuba itacen? Innalillahi. Wallahi ni na fi kowa ja.” Ya goge hannu a riga ya sulale ya koma cikin mutane, ya kama wani aiki a nesa.

Saura gungume ɗaya. Shi ne babba, shi Sunusi ya fara sakawa, wata tsohuwar bishiya da iska ta kayar. Ruwa ya haƙa gurbi mai zurfi a ƙarƙashinsa, kuma a nan ne a makonnin nan yake ganin wata ƙatuwar macen kifi tana shawagi, cikinta ya cika, tana jiran sanyi ya ƙara kamawa. In wannan ya fita, ranar Litinin babu abin da za a nuna wa kowa sai miƙaƙƙen lambatu. An riga an ɗaura masa igiya. Maza sun jeru a kan gaɓa suna tofa yawu a tafin hannu.

Sunusi bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Kawai ganinsa aka yi ya faɗa ruwa da shaddarsa da takalminsa na zuwa ɗaurin aure. Sanyin ya sare shi har ƙwaƙwalwa. Ya kutsa, ya dafa gungumen, ya hau ya zauna daram. Sannan ya ɗan juya gefe don kada ya fuskanci surukinsa kai tsaye, ya sunkuyar da kai.

Masu igiya suka tsaya suna kallonsa.

“Malam Sunusi,” in ji Injiniya, “igiyar ta ɗauru, na duba da kaina. Sauko mu ja.”

“To, Baba.”

Bai motsa ba.

“Na ce ka sauko.”

“To, Baba.”

Haƙoransa suna kaɗawa, ruwa yana ɗiga daga hannun rigarsa, amma ko gezau. Wani ɗalibi ya ce ko aljanun ruwa ne. Wani akanta ya ce a'a, PhD ce, haka take yi wa mutane in ta zo ƙarshe. Dokta Ɗan'azumi ya duƙufa yana kallon wani ganye.

Injiniya ya duba agogo, ya duba sama da ta fara haɗa hadari. Shi mutum ne da ba ya barin aiki rabi.

“To, ku ja da shi. Ai ba shi da nauyi.”

Ya busa usur. Igiya ta miƙe. Gungumen ya yi wani ƙara, ya motsa, baƙin taɓo ya taso daga ƙasa ya turnuƙe gurbin. Sunusi ya ji itacen yana tafiya a ƙarƙashinsa.

“A'a!” ya daka tsawa. “Baba, a'a! Ku saki igiyar nan! Ku sake ta na ce!”

Suka saki, har na bayan suka zube a kan juna.

Tunda bakin ya buɗe kuma, sai ya ƙi rufuwa. Ya miƙe tsaye a kan gungumen yana rawar sanyi, yana kallon surukinsa ido cikin ido. Ya ce marar tarbiyyar da ya zuba itacen shi ne. Ya ce wannan ba lambatu ba ne, gida ne. Ruwan da ke gudu sambal ba ya riƙe kifi, wucewa yake da ƙwai da 'ya'ya gaba ɗaya. Tsakuwar da aka cike ramuka da ita ɗakin haihuwa ce. Ya ce sanyi biyu ya yi yana wannan aiki shi da tsohuwar nan, ba mota ba lebura, kuma jibi in mutanen suka zo suka ga haka, za su binne rafin a bututu, shi kenan babu shi har abada. Ya ji hawaye masu zafi a fuskarsa, ya ji haushin kansa, ya ci gaba da magana duk da haka har ya rasa abin faɗa.

Sai a lokacin ya tuna wa yake yi wa ihu. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma a kan ruwa yake.

Injiniya ya dubi jerin itacen da ya sa aka tsara da kyau, ya dubi mutanen da ya kwaso.

“Kai ka zuba su,” ya ce a hankali. “Da gangan.”

“Da gangan, Baba.”

“Kuma ka zauna a kan kafet ɗina, ina magana kana ‘To, Baba,’ ka bar ni na ɗebo likitocin Birmingham kaf na zo na rusa maka aiki? In wani ya karye yau a garin can, wa zai ɗora shi?” Muryarsa ta hau. “Wannan ba ladabi ba ne, yaro. Ka mai da ni abin dariya da furfurata.”

Wannan ta shigi Sunusi fiye da sanyin ruwan, domin gaskiya ce.

Margaret ta matso a hankali, ta ce in an yarda ta sa baki, kifin bai fara zuba ƙwai ba tukuna, da sauran 'yan makonni. Tsakuwar ba kowa a cikinta. In an mayar da komai yau, ruwa zai iya kwantawa kafin Litinin, ko da ba duka ba.

Injiniya ya yi tsaki mai tsawo. Ya juya ga jama'a.

“A ci waina,” ya ce. “In an gama, duk wanda ya fitar da itace ya san nasa. A mayar.”

Aka yi ta gunaguni. Wani ya ce shi tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin gayyar zuba shara a ruwa ba, kuma don Allah kada wanda ya ɗauki hoto ya tura gida. Amma aka ci, aka yi sallah a kan ciyawa, aka koma. Aka tono tsakuwar daga ramukan hanya, masu yawo da karnuka suna tsayawa suna kallon ikon Allah.

Wahalar ma ashe tana gaba. Injiniya ya karɓi takalmin roba ya shiga ruwan da kansa, ya kama kan wani gungume. Hannunsa da ya saba, sai ya kwantar da shi tsaf a jikin gaɓa, a miƙe.

“Nan?”

“A'a, Baba. A karkace.”

“A karkace.” Ya faɗe ta kamar an ba shi maɗaci. Ya ɗan gusa shi kaɗan. “Haka?”

“Ƙara, Baba. Ya tare ruwan.”

“Ya tare ruwan! La'ilaha illallahu.” Ya gusa.

Haka suka yini. Raki ta iso da la'asar ta tarar da mijinta cikin jiƙaƙƙiyar shadda yana ba ubanta umarni, uban yana bi yana mita. Ta tsaya ta kalle su, ta nemi wuri ta zauna ta buɗe sauran wainar.

Ranar Litinin ruwan bai gama washewa ba, gaɓar kuma duk sawun takalma. Mutum uku suka zo da rigunan ruwa. Sunusi ya yi bayani, suna gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya yanke hukunci. Macen kifin ba ta fito ba, ko inuwarta. Daga ƙarshe babbansu ya ce tsarin yana da kyau ƙwarai, amma irin wannan rafi yana son mai kula da shi duk shekara, a kwashe shara, a duba turaku, su kuwa ba su da mutum ko ɗaya da za su ba shi. Margaret ta sunkuyar da kai.

“Mu za mu kula da shi.”

Kowa ya waiwaya. Injiniya ne, cikin kwat da hula, ya biyo jirgin ƙasa tun da safe bai gaya wa kowa ba. Ya gabatar da kansa da Turancin da ya fi na Sunusi gogewa. Ya ce yana da mutane mota guda, kuma duk wanda yake shakkar ko suna iya aiki ya tambayi wannan baiwar Allah, a gabanta suka kwashe rafin nan suka mayar a yini ɗaya. Margaret ta ce ƙwarai kuwa, ita shaida ce. Babban ya tambaya nawa za a biya su. Injiniya ya ce ba a biyan gayya, abinci kawai ake ba ta.

Ba a taɓa ganin fuskar ma'aikaci ta saki da sauri haka ba. Suka ɗan koma gefe suka yi ƙus-ƙus, suka dawo suka ce a fara da rabin rafin, in an ga kifi a kai har tudu.

Da suka tafi, Sunusi ya rasa inda zai sa kansa don murna, ga kuma wani tunani da ya faɗo masa, cewa daga yau duk shekara surukinsa zai sauka a rafin nan da shebur. Suka taka tare a bakin gaɓa, tsoho a gaba, shi a baya kaɗan. Wurin babban gungumen Injiniya ya tsaya, ya karkata kai yana auna shi da ido.

“Wannan dai ban yarda da zamansa ba,” ya ce. “In muka dawo zan sa a ɗan miƙar da shi.”

Sunusi ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa a baya.

“Haka zai zauna, Baba.”